Yadda Ake Fara Ba Jariri Gyaɗa: Jagora Ga Iyaye Mata

A garin da ake karya kumallo da masa da miyar gyaɗa, a kwaɗa zogale da ƙuli da rana, a yi buɗa-baki da kunun gyaɗa, sai a ɗauka ba wanda zai tsaya tambayar yaushe ya kamata yaro ya fara cin gyaɗa. Amma a ɗakin awon yara inda nake aiki a nan cikin Bauchi, tambayar ta yawaita, kuma kuskuren da nake gani iri biyu ne. Akwai uwar da ta gani a waya cewa gyaɗa na kashe yara a Turai, sai ta hana ɗanta ko ɗanɗana har ya shekara uku. Akwai kuma gidan da ba ruwan kowa: yaro ɗan wata tara yana rarrafe a tsakar gida, yayarsa na cin gyaɗa mai gishiri tana ɗura masa ƙwaya ɗaya-ɗaya, manya na kallo suna dariya. Duka biyun ba daidai ba ne, kuma na biyun ya fi saurin kai mutane asibiti.

Maganar a taƙaice ita ce: yawancin yara, da zarar sun cika wata 6 sun fara cin abinci, za su iya fara cin gyaɗa, muddin markaɗaɗɗiya ce, an tsinka ta, kuma mai tsabta ce. Jinkiri ba ya kare yaro daga borin da jiki ke yi wa gyaɗa. Hasali ma akasin haka aka gano.

Wancan tsoron da ke yawo a waya yana da asali. A shekarar 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar cewa yaran da ake jin tsoron jikinsu zai ƙi wasu abinci su dakata da gyaɗa sai sun shekara uku. A 2008 ƙungiyar ta janye shawarar, don ba hujjar da ta tsaya mata. A wannan shekarar ce kuma wani bincike ya nuna cewa 'ya'yan Yahudawa da ke Ingila sun ninka na Isra'ila kusan sau goma wajen samun matsalar da jiki ke ƙin gyaɗa, alhali a Isra'ila tun jarirai ake ba su wani abin ƙwalama na gyaɗa mai narkewa a baki, mai suna Bamba. Daga nan Farfesa Gideon Lack da abokan aikinsa a Landan suka ɗauki jarirai 640 'yan wata 4 zuwa 11, dukansu masu haɗarin kamuwa, suka raba su gida biyu: rabi ana ba su gyaɗa a kai a kai, rabi an hana su. Da aka fitar da sakamako a 2015, a cikin waɗanda aka hana kusan 17 cikin 100 jikinsu ya ƙi gyaɗa a shekara biyar, a cikin masu ci kuwa kusan 3 ne kacal cikin 100. An ci gaba da bin yaran har suka fara tasawa, kuma rahoton 2024 ya nuna kariyar ba ta gushe ba. Wato abin da kakanninmu ke yi na ɗan tsoma wa jariri kunun gyaɗa ba shi ne kuskure ba. Gyara kawai yake buƙata.

Abubuwan da za ki tanada

Gyaɗa mai kyau wadda kika zaɓa da hannunki, ko ta kwalba mai laushi wadda ba gutsattsari a ciki. Ƙaramin cokalin shayi. Kofi ko ƙaramin kwano mai tsabta. Tafasasshen ruwa da ya huce, ko ruwan nono da kika tatsa, ko kunun da yaron ya riga ya saba da shi. Rariya mai laushi. Sai abubuwa biyu da ba a saya a kasuwa: awa biyu da ba ki da wani aiki sai kallon yaron, da kuma sanin asibitin da za ki nufa da kuɗin keke napep a hannu, ko da ba za a buƙata ba.

1. Ki tabbata lokaci ya yi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, sannan a ƙara da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Gyaɗa ba ta canza wannan ba. A wata 6 ki duba ko yaron yana iya zama da ɗan tallafi, wuyansa ya tsaya, kuma in an sa masa cokali yana haɗiyewa maimakon ya turo abincin waje da harshe. Kada gyaɗa ta zama abu na farko da zai fara ci. Ki bari ya yi kwanaki yana shan kunun gero ko na dawa, ko dafaffen dankali da aka dame. Dalili shi ne jaririn da bai iya haɗiya ba yakan yi tari da kakari, sai ki kasa gane ko cokalin ne bai saba da shi ba ko gyaɗar ce ba ta karɓe shi ba.

In kuma ɗanki ya riga ya wuce shekara bai taɓa ci ba, ba a makara ba, amma kada a ƙara jira. Matakan duk iri ɗaya ne.

2. Ki duba ko ɗanki yana cikin waɗanda sai likita ya gan su tukuna

Nan ne ya kamata a tsaya a yi hankali. Yara iri uku ba a fara musu a gida. Na farko, wanda yake da ciwon fata mai tsanani tun yana jariri: fata ta bushe, ta yi ja ko ta yi duhu, tana tsattsagewa a kumatu da bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, yana susa har ya kasa barci, an shafa magani ya lafa ya sake dawowa. Ba ƙurajen zafi nake nufi ba, irin waɗanda ke feso wa kusan kowane jariri a watan Maris da Afrilu in garin nan ya ɗau zafi, kuma ba kyasfi ba. Na biyu, wanda ya ci ƙwai jikinsa ya yi bori ko ya yi ta amai. Na uku, wanda ya taɓa lasar wani abu mai gyaɗa, ko miya ce ko yajin tsire, aka ga kumburi ko borin jini.

Irin waɗannan a kai su sashen yara na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa ko Asibitin Ƙwararru na jiha, likita ya yanke yadda za a yi. Kada ki ɗauka kai shi asibiti yana nufin za a hana shi. Masu ciwon fatar nan da masu matsalar ƙwai su ne suka fi cin moriyar farawa da wuri, har ƙa'idar da Amurka ta fitar a 2017 ta ce a iya fara musu tsakanin wata 4 zuwa 6 bayan likita ya duba su. Wannan hukuncin likita ne, ba na maƙwabciya ba. Saboda haka in kin ga irin wannan fata, ki yi maganar tun a zuwa rigakafin sati 14, kada ki bari sai an kai wata 6.

In wa ko yayar jaririn ce gyaɗa ba ta karɓa ba, wannan kaɗai ba ya hana ƙanin ci, amma ki gaya wa ma'aikacin lafiya, kuma ki raba musu kwano da cokali.

3. Zaɓen gyaɗa

Wannan matakin, a ganina, ya fi kowanne muhimmanci a ƙasarmu, kuma shi ne wanda ba za ki same shi a shawarwarin Turawa ba, don su tasu an tantance ta kafin ta shiga kwalba. Gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, tana yin fumfuna, ita kuma fumfunar tana fitar da wani dafi da ake kira afilatoksin. An gano shi ne bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. A jikin mutum hanta yake ci a hankali, yana cikin abubuwan da ke kawo sankarar hanta, kuma bincike a Afirka ta Yamma ya alaƙanta shi da tsumburewar yara. Suya ba ta kashe shi gaba ɗaya, tafasawa ma haka. Matsalar ta kai har cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda manomi ke watsawa a gona don rage ta tun daga tushe.

To, in kin shiga Muda Lawal ko kasuwar Wunti, ki sayi ƙwayar gyaɗa, ba wadda aka riga aka markaɗa aka ƙulla a leda ba. Ba zargin kowa nake ba, akwai masu sana'a masu tsoron Allah da yawa. Amma abin da aka markaɗa ba ya nuna abin da aka zuba, kuma kowa ya san fasasshiya da 'yar rauno sun fi araha. Don miyar manya wannan lissafinku ne. Don jariri, a'a.

Ki baza ta a faranti a wuri mai haske, ki tsince. Ki fitar da duk wadda ta yamushe, wadda ta fashe, wadda ƙwaro ya huda, wadda ta yi baƙi ko kore-kore ko rawaya a ciki. Ki shinshina. In kin ji warin ɗaki mai laima, ki bar ta. Ki tauna 'yan kaɗan, in kin ji ɗaci, ki tofar. Waɗanda kika tsince ki zubar, kada a ce a jefa a miya don kada a yi asara, ana gudun gara a faɗa gidan zago. Ki ƙara sa ido a tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, lokacin da tsohuwar gyaɗa ta daɗe a buhu ga iska da danshi, da kuma farkon kaka in an kawo sabuwa da ba ta gama bushewa ba.

In ta kwalba za ki saya a kanti, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki ɗauki mai laushi, wadda ba a cika mata sukari da gishiri ba.

4. Suya da markaɗe

Ki soya ta sama-sama ba tare da gishiri ba, har ta yi ƙamshi, kada ta ƙone. Ki murje ɓawon, ki fece, ki sake tsincewa, don bayan an cire jan ɓawon ne ɓatattun ke fitowa fili. Sai markaɗe. In injin unguwa za ki kai, ki sa a wanke shi, ko ki je da sassafe kafin a fara zuba attaruhu da tattasai. Yaron da bakinsa ya yi ja don ragowar barkono, uwarsa za ta rantse gyaɗa ce ba ta karɓe shi ba. In turmi ne, ki daka har ta fara fitar da mai, sannan ki dama ki tace da rariya.

Ki yi kaɗan, wadda za ta ƙare cikin 'yan kwanaki, ki zuba a kwalba busasshiya mai murfi, kuma kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga. Da yanayin wutarmu, kada ki dogara da firij.

5. Haɗawa

Cokalin shayi biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ki zuba cokali biyu zuwa uku na ruwan ɗumi da aka tafasa, ki dama har ta narke ta zama tana zuba daga cokali. Ko ki dama ta cikin kunun da ya saba sha. Abin da ya sa ake tsinka ta shi ne mai kauri tana mannewa a dasashi da maƙogwaro, jariri kuma ba shi da ƙarfin haɗiye ta ko fitar da ita. Kada ki taɓa lakato ta da yatsa ki sa masa a baki haka nan.

Ba sukari, ba gishiri, ba maggi. Zuma kuma haram ne a abincin yaron da bai cika shekara ba, a likitance nake nufi, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Na san kaka za ta ce ai zuma magani ce. Haka ne, Hajiya, amma a jira ya shekara.

A ranar farko kada ki haɗa da wani sabon abu. Garin kunun nan da ake kira Tom Brown, mai gero da waken suya da gyaɗa, wani lokaci har da busasshen kifi, abinci ne mai kyau ƙwarai, amma ba da shi ake gwaji ba. In jikin yaro ya yi bori, ba za a san wanne ne ya jawo ba, sai a hana shi duka.

6. Ranar farko

Ki zaɓi ranar da yake lafiya lau: ba zazzaɓi, ba mura, ba gudawa, kuma ba ranar da aka yi masa allurar rigakafi ba. Ki ba shi da safe, a gida, ba a gidan biki ba, ba da daddare ba lokacin da ba haske ga abin hawa ya yi wuya. Ki zaunar da shi a cinyarki a miƙe. Ɗura, irin wadda ake kwantar da yaro a toshe masa hanci, ba ta da wuri a nan, kuma da za a ji tawa da an bar ta gaba ɗaya.

Ki ɗebo kaɗan a bakin cokali ki ba shi. Ki jira minti 10 kina kallon leɓensa da idonsa da numfashinsa. In ba komai, ki ci gaba da ba shi sauran a hankali yadda ya saba ci. Bayan ya gama ki goge masa baki da ruwa, ki zauna da shi awa biyu inda kike ganinsa. Kada ki goya shi ki shiga aiki, don abin da ke bayanki ba kya ganin fuskarsa.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne shafa gyaɗar a hannun yaro ko a kumatunsa wai don a gwada kafin a ba shi. Wannan ba gwaji ba ne. Masu bincike ma suna ganin ta tsagaggiyar fata ne jiki ke fara ɗaukar gyaɗa a matsayin abokiyar gaba, alhali in ta ciki ta fara shiga, sai ya karɓe ta a matsayin abinci. Shi ya sa ba na son a shafa wa jariri mai ciwon fata man ƙuli, kuma mai tuyar ƙuli ko mai ɓarar gyaɗa ta wanke hannu kafin ta ɗauke shi ko ta shafa masa mai.

7. Abin da za ki duba

Yawanci in jiki zai ƙi, cikin mintuna ake gani, da wuya ya wuce awa biyu. Ɗan ja a gefen baki inda abincin ya taɓa, wanda ya ɓace da kansa yaro na wasansa, sau da yawa ba komai ba ne. In kuwa kin ga 'yan ƙuraje masu tasowa irin na borin jini a fuska, ko fatar ido ta ɗan kumbura, ki daina ba shi, ki kai shi a duba shi a ranar, kada ki sake gwadawa da kanki. A baƙar fata ba lallai ki ga ja ba, ki shafa da hannu ki ji tudun.

Waɗannan kuma na gaggawa ne: kumburin leɓe ko harshe, tari ba ƙaƙƙautawa, numfashi mai ƙara ko da kyar, muryar kuka ta dishe, amai a jere, borin jini ya game jiki, ko yaro ya yi laƙwas, leɓensa da tafin hannunsa sun koɗe. Ki ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan take. Kada ki tsaya neman izini ta waya in maigida ba ya kusa, ku yi wannan maganar tun kafin ranar. Kada a ba shi manja ko madara ko rubutu a baki, mai fama da numfashi ba a ɗura masa komai. Piriton yana rage ƙaiƙayi amma ba ya buɗe maƙogwaro. Maganin wannan hali allurar adirenalin ce a cinya, kuma da kin isa ki faɗa da bakinki: "Gyaɗa ya ci, numfashinsa ya canza." In ya warware kada ki matsa a sallame ku da wuri, don abin yakan dawo bayan 'yan awoyi.

Akwai kuma yaron da ba ya yin ƙurji ko kaɗan, sai bayan awa ɗaya zuwa huɗu ya kama amai mai yawa har ya galabaita. Shi ma asibiti.

8. In ta karɓe shi, kada ki tsaya

Nan ne masu ƙoƙari suke yin sake. An gwada, an ga lafiya, an yi hamdala, sai a manta da ita wata uku. Kariyar tana zuwa ne daga ci a kai a kai. Abin da aka yi amfani da shi a binciken Landan, aka kuma sa a ƙa'ida, ya kai kimanin cokalin shayi biyu sau uku a mako. A gidan Bahaushe wannan ba wahala: yau a kununsa, jibi a faten dankali ko kabewa, gata a ɗan romon miyar taushe da aka ɗebe masa kafin a sa yaji. Garin ƙuli ma ya yi, in wanda ba barkono ba gishiri ne, an daka an tankaɗe an dama.

Ribar ba ta tsaya kan borin jini ba. Kunun gero zalla, tsararo, yana cika ciki ne ba ya gina jiki, kuma daga wata 6 zuwa shekara biyu ne tamowa ta fi kama yaranmu. Abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a cibiyoyin jihar nan, gyaɗa ce ginshiƙinsa, da madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, aka kuma ga amfaninsa sosai a yunwar Nijar ta 2005. Amma shi magani ne na yaron da aka auna aka rubuta masa, ba abin saye a kasuwa a raba wa 'yan gida ba.

Mai ciki da mai shayarwa su ci gyaɗarsu, su sha kununsu. Ba hujjar da ta nuna ƙaurace mata yana kare jariri.

9. Ƙwayar gyaɗa: sai shekara biyar

Soyayya, dafaffiya, mai sukari, gutsuren ƙuli mai tauri, duk ba na ƙaramin yaro ba ne. Haƙoransa ba sa iya niƙe ta sosai, hanyar iskarsa kuma ƙanƙanuwa ce. Yana dariya ko gudu, sai ƙwaya ta zarce huhu. Wani lokaci ba ta toshe numfashi nan take, sai yaro ya yi tari ya lafa, bayan kwanaki a fara jinyar nimoniya da ba ta jin magani, sai an sa na'ura an ciro. Saboda haka in yaro ya sarƙe da gyaɗa, ko da ya dawo daidai, in tari ko ƙarar numfashi ta biyo baya ki gaya wa likita abin da ya faru.

In ya shaƙe a gabanki, ba kuka ba tari, kuma bai kai shekara ba: ki kifa shi a kan hannunki, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau biyar. In bai fito ba ki juyo shi, ki danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau biyar, ki maimaita, wani kuma ya nemo abin hawa. Kada ki zura yatsa kina lalube, tura ta ciki za ki yi. In yana tari da ƙarfi, ki bar shi ya yi tarinsa.

Wannan kashedin ba naki ba ne ke kaɗai. Ki gaya wa yayyensa da 'yar aiki da kakarsa, har da Baban da ke dawowa daga kasuwa da ƙullin gyaɗa a aljihu. Kuma ranar da kika kai shi karɓar bitamin A na wata 6, ki nuna wa ma'aikaciyar lafiya fatarsa, ki tambaye ta ko za ki iya farawa a gida.